Kuza a Bakin Allura

Shekara ashirin da ɗaya Alhaji Yero ya yi yana zagin Ishaku, kuma babu maganar da ta taɓa yi wa Ishaku daɗi a duniya kamar zagin nan.

Yero Bafulatani ne, dillalin shanu, yana kuma da garke nasa na kansa a bayan Kuru. Ishaku bakanike ne a unguwar Kongo-Rasha, Babarbare, ubansa ya baro Barno ya zo Jos haƙar kuza, a nan kuma aka binne shi. Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Saboda haka duk ranar da a-kori-kurar Yero ta fara tari, sai ya sa direba ya ja ta zuwa bakin garejin Ishaku, ya leƙo ta taga ya ɗaga murya.

"Ina bawan nan nawa? Fito ka ga ɓarnar da ka yi mini!"

Ishaku ya fito yana goge hannu da tsumma. "Bafulatani da mota, Allah ya sawwaƙe. Yau ma kindirmo ka zuba mata?"

Sauran kanikawan layin su fashe da dariya. Amma kowa ya san abin da ke ƙarƙashin wasan. Yero ba ya wasa da wanda bai amince da hannunsa ba. Wanda Yero yake zagi a layin nan, shi ne babban bakanike.

A daminar 1978 Yero ya shiga damuwa. Bara wani bijimi ya take shi a kara, kasuwar shanu, gwiwarsa ta ƙage, doguwar tafiya ta gagare shi, hawan doki ma haka. Rugarsa tana can cikin duwatsu, tsakanin tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka cika da ruwa, inda mota ba ta shiga idan damina ta zauna. Wata biyu bai sa shanunsa a ido ba. Sai aka yi gwanjon kayan wani Bature injiniya da zai bar Rayfield ya koma ƙasarsu, Yero ya sayi abin hawan da Baturen ke zagaya ramuka da shi. Kamar babur yake, amma ƙafarsa uku, ɗaya gaba biyu baya, tayoyin nan kumbura-kumbura kamar kabewa, kuma igiya ake ja ya tashi. An ce babu dutse ko taɓon da yake tsoro. Kwana biyu Yero yana koyon hawa a unguwarsu. Ran na uku abin ya fara tsiyayar da fetur ta ƙasa, ya yi baƙin hayaƙi, ya mutu.

Ran Litinin da hantsi Ishaku ya hango a-kori-kurar ta shigo layi da baƙon abu ɗaure a bayanta. Ya ajiye sifana. Har ya shirya amsar da zai mayar. Motar ta rage gudu daidai ƙofarsa, sannan ta karya kwana ta tsaya a tsallaken titi.

A tsallaken titin rumfar Shu'aibu take, ƙanen Ishaku uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma ke tsakaninsu. Ishaku ne ya fara sa masa sifana a hannu. Daga baya Shu'aibu ya tafi Kaduna ya yi karatun kanikanci a makaranta, ya yi aiki a can shekaru, ya dawo bana da mata da 'ya'ya uku, da takardar shaida a cikin gilashi, da farar rigar aiki, da littattafan Turanci masu zanen inji. Bai taɓa yi wa yayansa rashin kunya ba.

Yero ya leƙo ta taga. "Ina ƙaramin bawan? Fito, na kawo maka abin da ya fi ƙarfin tsofaffi!"

Shu'aibu ya fito yana dariya, ya zagaya bayan motar. "Alhaji, wa ya sayar wa Bafulatani jakin Bature? Wallahi an zalunci jakin."

Layin ya ɗauki dariya. Sai da aka sauke abin sannan Yero ya waiwayo ya ɗaga hannu.

"Malam Ishaku, barka da hantsi. Yaya aiki?"

Malam Ishaku. Irin gaisuwar da ake yi wa limamin wata unguwa. Ishaku ya ce, "Lafiya lau, Alhaji."

"Kada ka ga komai," in ji Yero. "Sabon yayi ne, sai mai littafi."

"Gaskiya ne."

Kafin motar ta tashi Ishaku ya ga wani abu a bayanta: 'yar gangar fetur mai tambarin koren fenti a kafaɗa. Ya san gangar. Ta Isa ce, mutumin hanyar Bukur da ya daɗe yana sayen kuza a hannun matan da ke wanke ƙasa a tsofaffin ramuka. Da kasuwar kuza ta faɗi, wahalar fetur kuma ta zo har layi ya fara kwana a gidajen mai, sai Isa ya koma sayar da fetur a gangunan da ya saba tara kuza a ciki. Ya ɗauraye su, ba a ce bai ɗauraye ba. Amma kuza baƙin yashi ne mai nauyin tsiya, yakan maƙale a lungun ganga ruwa bai ɗaga shi ba. Watan jiya an kawo wa Ishaku injin ban-ruwa ɗaya da babur ɗaya, cutarsu iri ɗaya, kuma dukansu man Isa suka sha.

Kafireta ita ce wurin da fetur ke haɗuwa da iska kafin su shiga inji. A ƙasanta akwai ɗan kwano da mai ke taruwa, a cikin kwanon akwai 'yar ƙwarya ta tagulla mai iyo. Idan mai ya cika, ƙwaryar ta taso ta tura wata 'yar allura ta toshe hanyar. Idan allurar ba ta zauna daidai ba, ko da kaurin gashi ne ya tokare ta, mai ba zai daina zuwa ba. Ya cika kwano, ya tumbatsa, ya zubo ƙasa, ya jiƙa fulogi, inji ya shaƙe. Ƙwayar kuza guda ta isa. Kuma ga muguntar abin: idan babur yana tsaye, ƙwayoyin suna kwance a gindin tanki ba sa motsi. Sai an hau hanya mai gargada sannan ɗaya ta gangaro ta tiyo ta zauna a bakin allura. In ka kwance kwanon, ta bi mai ta faɗi ƙasa, ka duba ka ga komai fes.

Duk wannan Ishaku ya san shi tun kafin Shu'aibu ya ɗauko sukudireba. Taku goma sha biyu ne daga garejinsa zuwa rumfar ƙanensa. Ya koma ya zauna a kan benci.

Shu'aibu ya yi aikinsa yadda ya kamata. Ya cire fulogi, ya same shi jiƙe baƙi ƙirin, ya goge ya busar. Ya kwance kafireta, ya wanke, ya hura kowace kafa, ya mayar. Ya ja igiya sau ɗaya, injin ya tashi yana gurnani sumul. Masu kallo suka ce ai ga amfanin boko. Ya hau, ya bi hanyar dutse da ta gangara rafi don ya gwada.

Bayan kamar rabin awa ya dawo yana turawa, gumi ya jiƙa farar rigar, fetur na ɗiga a bayansa kamar zubar da gari a hanya.

Ishaku ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, mai daɗi. Kada a sa wa wannan sanyin wani suna. Hassada ce. Ba abincinsa aka ɗauke ba, motoci uku na jiransa a gareji. Abin da ya ci masa rai shi ne an zagi wani ba shi ba.

Tsakanin garejin da rumfar, a gindin wani mangwaro, yayarsu Maimunatu ke soya masa tana sayar wa ma'aikatan layin. Ita ce babba, ita ta goyi Ishaku, ita ta goyi Shu'aibu. Da Ishaku ya zo karɓar tasa masar ta dube shi.

"Yau kuma murmushin me kake yi kai kaɗai?"

"Haramun ne, Yaya?"

"Ban ce ba. Na dai ga tun safe fuskarka kamar an aiko maka da mutuwa, yanzu ta washe."

Ya ɗauki kwanonsa ya tafi.

Ran Talata aka wayi gari da yayyafi da sanyin Jos mai shiga ƙashi. Shu'aibu ya sake kwance kafiretar. Wannan karon ya zargi ƙwaryar tagullar, ko ta huje ta sha mai ta daina iyo. Ya girgiza ta a kunne, shiru. Ya roƙi tafasasshen ruwa a wurin Maimunatu, ya tsoma ta ciki yana jiran ya ga kumfa ta fito. Babu kumfa. Ya buɗe littafi, ya auna tsayin ƙwaryar da ɗan ma'auni, ya lanƙwasa harshenta kaɗan don allura ta riƙa rufewa da wuri. Ya duba tsinin allurar a haske, lafiyarsa lau. Ya haɗa, ya ja igiya, injin ya tashi. Ya bar shi yana aiki a tsaye har aka yi azahar, ko ɗigo bai zubar ba. Sannan ya hau ya gangara rafi.

Ya dawo yana turawa.

Kanikawan layin sun fara taruwa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a canja kafiretar da ta wani babur. Wani ya ce Bature ba ya sayar da abin kirki. Ishaku bai tsallaka ba. Yana ƙarƙashin wata tasi, amma ya ɗaga murya yana yi wa mai tasin magana yadda za a ji a tsallake.

"Ni dai ban taɓa ganin takarda ta ɗaure noti ba."

Da la'asar Yero ya zo. Bai yi wasa ba. An aiko masa daga ruga cewa shanu biyu sun kwanta, sun ƙi cin ciyawa, kuma makiyayan ba su san kan abin ba. Ya tsaya dogare da sanda yana kallon kafiretar a warwatse a kan jarida.

"Shu'aibu, jibi Alhamis da safe zan tafi ruga, ko da rarrafe ne. In abin nan zai kai ni, to. In ba zai kai ni ba, ka faɗa mini gaskiya."

"In sha Allahu zai kai ka, Alhaji."

Ishaku ya ji komai. A ransa ya gama tsara yadda Alhamis za ta kasance. Yero zai zo, abin ba zai tashi ba, zai juya ya tsallako titi a gaban kowa, ya kira shi da sunan da ya saba. Shi kuma zai tashi a hankali, ya sa a juye tanki, cikin awa guda ya miƙa masa abinsa. Shanu biyu suna kwance a ruga, kwana biyu kuma ba wasa ba ne ga dabbar da ta ƙi ci. Ishaku ya tuna da wannan. Ya ce wa kansa shanu ba sa mutuwa a kwana biyu, ya ci gaba da ɗaure notinsa.

Ran Laraba da safe Shu'aibu ya gwada karo na uku, ya sake dawowa a ƙasa. Ya jingine babur ɗin, ya wanke hannu, ya tsallako titi. Ya tsuguna a gaban bencin yayansa, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, na zo ne."

"Na gan ka."

"Abin nan ya gagare ni. Ƙwarya lafiya, allura lafiya, na auna komai ya yi daidai. A tsaye ba ya zubarwa. Da na hau dutse sai ya tumbatsa. Akwai abin da na kasa gani. Ka zo ka duba mini."

Ga abin da Ishaku yake so ya zo har gabansa, a tsugune. Amma ba haka ya tsara ba. Ba kowa a wurin, kuma ba Yero ba ne.

"Ni?" ya ce. "Ni da ban san bihim ba? Ai ka ji da kunnenka, sai mai littafi."

"Yaya, maganar Alhaji ce, ba tawa ba."

"Ka musa masa?"

Ishaku bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ka koma ka duba shafi na gaba. Wataƙila yana can."

Shu'aibu ya ce, "To, Yaya," ya tashi ya koma.

Maimunatu ta ga tsugunon, ta ga tashin. Ta sauke tanda daga wuta ta zo ta tsaya a kan Ishaku, hannu a ƙugu.

"Me ya ce maka?"

"Hira ce ta kanikawa."

"Ishaku, ni na yi maka tsarki kana tsumma. Ka san abin da ke damun keken nan."

"Na taɓa shi ne? Ko kusa da shi ban je ba."

"Shi ya sa na ce ka sani. Kai da ko agogon mutum ya tsaya sai ka ce a miƙo ka gani, kwana uku an ajiye abin da ba ka taɓa gani ba a gabanka, ko leƙawa ba ka yi ba? Wanda bai sani ba shi ke leƙe."

"Masarki za ta ƙone, Yaya."

"Na sauke. Ɗan'uwanka ne fa. Nono ɗaya."

"Da aka tsaya a ƙofarsa, ya ce a tsallako wurin yayansa?"

"Au, to. Ashe nan gizo ke saƙar." Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Gemu ya fara fari, kana kishi da ƙanenka a kan zagin Bafulatani. Allah ya shirye ka."

Ta koma gindin mangwaro. Ishaku ya shiga ƙarƙashin tasin da ya riga ya gama gyarawa, ya kwanta yana kallon salansa.

Shu'aibu ya zauna a kan taya yana duban babur ɗin. Ya bar littafin a rufe. Ya ƙirga a ransa abin da ya duba, ya ga saura abu ɗaya da bai taɓa ba, shi ne man kansa. Ya cire tiyo, ya kawo bokiti. Ya nemi ƙyalle mai tsabta a rumfar bai samu ba, duk tsummokaransa baƙaƙe ne. Sai ya tuɓe farar rigar aikin, ya shimfiɗa bayanta a bakin bokitin, ya buɗe famfon tanki. Mai ya zubo garau, babu komai. Ya rufe. Ya yi tunani, sannan ya kama ƙahon babur ɗin ya jijjiga shi da ƙarfi, gaba da baya, hagu da dama, kamar yadda hanyar rafi ke yi masa. Ya sake buɗewa.

A kan farin yadin wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi suka zauna, ba su fi a ƙirga ba, kowace ba ta kai ƙwayar gero ba.

Ya ɗauka tsatsa ce. Ya murza a yatsa, ba ta murƙushe ba. Ya kai wa ƙarfen maganaɗisu, ba ta bi ba. Maimunatu ta matso ta ce, "Mu gani." Tana yarinya ta yi shekaru tana bin mahaifiyarsu wankin ƙasa a ramuka, lokacin Shu'aibu ko haihuwarsa ba a yi ba. Ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a murfin kwano, ta ɗiga ruwa, ta juya murfin a hankali da wuyan hannu. Ruwan ya zagaya ya tsiyaye. Ƙwayoyin ba su motsa daga tsakiya ba.

"Kuza ne," ta ce.

"Kuza? A cikin tanki?"

"Ka tambayi Alhaji inda yake sayen mai. In ka ji an ce hanyar Bukur, to shi ke nan."

Shu'aibu ya dubi murfin, ya dubi tsallaken titi, inda ƙafafun yayansa kaɗai ake gani daga ƙarƙashin tasi.

"Yaya Maimunatu, ya sani?"

"Watan jiya a gabana ya juye tankin injin ban-ruwan mutumin Naraguta. Ban haɗa abin ba sai yanzu da na gani a hannuna."

Shu'aibu ya koma wurin babur ɗin. Ya kwance tankin gaba ɗaya, ya ɗauraye shi da kananzir har sau huɗu yana jijjigawa yana tacewa, sai da yadin ya daina nuna baƙi. Ya tarar 'yar ragar da ke bakin famfon tankin ta yage tun tuni, ya yanka sabuwa ya sa. Ya mayar da harshen ƙwaryar da ya lanƙwasa yadda yake da. Ya tace man ya zuba. Da la'asar ya gangara rafi, ya haura dutsen da ke bayansa, ya zagayo ta hanyar makabarta, ya shigo layi a kan abin, ƙasansa a bushe.

Ishaku ya ji ƙarar tun daga nesa. Ya san ƙarar injin da ya warke.

Ran Alhamis Yero ya zo da sassafe, da buhun kanwa da kwalaben magani a bayan mota. Kanikawan layin suka bar aikinsu suka taru. Shu'aibu ya ja igiya, injin ya tashi, ya nuna wa Yero ƙwayoyin a cikin murfi, ya ce daga yau kada ya zuba man ganga sai ya tace da ƙyalle. Yero ya riƙe baki.

"Kuza! Barebari sun haƙe ƙasar nan sun gama, yanzu sun biyo ni har cikin tanki. Kai, ƙaramin bawa, littafin nan naka ya biya."

"Ba littafi ba ne, Alhaji," in ji Shu'aibu, da muryar da duk layin zai ji. "Babu kuza a littafin Bature. Kwana uku ina bin littafi ina turo abin nan a ƙasa, kowa ya gani. Tace mai da farin ƙyalle, a hannun Yaya Ishaku na koye shi. In godiya za ka yi, ga shi can."

Ba ƙarya ya yi ba. Ishaku ne ya koya masa tace mai, shekara ashirin da suka wuce. Amma Shu'aibu ya san yadda za a fahimci maganar, kuma haka yake so a fahimce ta. Kowa a wurin ya ɗauka jiya da ya tsallaka ya tsuguna, a nan aka ba shi maganin. Ya rufa wa yayansa asiri, ya kuma ɗora masa rawanin da bai naɗa ba.

Yero ya juya. Ya dogara sandarsa, ya tsallako titi yana jan ƙafa, jama'a na biye da shi.

"Kai, tsohon bawa! Munafuki! Kana zaune a nan kamar ba ka san komai ba, ashe kai ke kaɗa gangar daga nesa? Ka bar ni ina ce maka Malam, kana amsawa?"

Aka yi dariya. Duk idanu suka koma kan Ishaku. Ga Maimunatu tsaye a gindin mangwaro da cokalin juya masa a hannu. Ga Shu'aibu a baya, yana goge sifana, bai ɗago ba. Kalma biyar sun isa: ban faɗa masa komai ba. Mutum mai tsoron Allah da ya faɗe su, ya sha kunyar minti ɗaya ya huta.

Ishaku ya miƙe, ya gyara hula.

"To da me kake tsammani?" ya ce. "Bafulatani ya sayi mai a hannun mai kuza, gobe sai ka sayi nono a hannun maƙeri."

Layin ya kece da dariya har da tafi. Yero ya kai masa dukan wasa da sanda, ya ce wa direba in ya sauke shi a Kuru ya dawo da a-kori-kurar nan garejin, birkinta na kuka, kuma kada wani ya taɓa ta sai wannan la'ananne. Aka ɗora babur ɗin a baya, aka ɗaure, suka tafi. Jama'a suka watse, wasu na dafa kafaɗar Ishaku suna cewa tsohon hannu daban ne.

Ya zauna a kan benci. Ya samu duk abin da ya kwana uku yana jira, a gaban mutanen da yake so su gani. Ya jira sanyin nan ya zo, bai zo ba. A tsallake Shu'aibu ya shanya farar rigarsa a kan igiya, da taswirar fetur a bayanta wadda sabulu ba zai fitar ba, ya jawo wani babur ya fara kwancewa yana 'yar waƙarsa.

Maimunatu ta kawo masa masa ta dire a gefensa. Ta juya za ta tafi. Shi ne ya kasa haƙuri.

"Kin ga abin da ya yi mini?"

"Na gani. Ya rufa maka asiri."

"Da gangan ya yi. Ya gyara abin shi kaɗai, bai ishe shi ba, sai ya nuna har a kirki ya fi ni."

"Ya nuna wa wa? Duk layin nan kai suke yabo. Babu wanda ya san gaskiya sai mu uku."

Ishaku ya ture kwanon masar gefe, idonsa na tsallaken titi.

"To, mu ukun," ya ce.